Gwajin Nonon Laraba

Ran kwana uku da haihuwa aka gwada nonon Laraba.

Iya Kulu, uwar mijinta, ta shigo ɗakin da ƙaramin ƙoƙo a hannu ɗaya, tururuwa a kan tsinke a ɗaya hannun. Ta ce Laraba ta tatsa. Ta tatsa, nonon ya fito da kauri, rawaya-rawaya. Iya Kulu ta karkaɗe tsinken, tururuwar ta faɗa tsakiyar ƙoƙon.

Dokar gidan ke nan, kuma ba su kaɗai ke bin ta a ƙauyen Fammar ba. In tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, nonon na da dafi, ba a ba jariri.

Tururuwar ta nufi gefe, santsin ƙoƙo ya dawo da ita. Ta sake, ya sake dawo da ita. A na uku ƙafafunta suka manne, ta daina motsi.

"To," in ji Iya Kulu. "Kin gani da idonki. Kada gobe a ce Kulu ce muguwa."

"Iya, haka aka yi a kan Barira. Haka aka yi a kan Habu. Ba wanda ya taɓa sa nonona a baki a cikinsu, kuma ga su can kwance a bayan gida."

"Wata tara suna cikin jikinki, me kike tsammani suka sha? Tun a ciki dafin ya kama su. Wannan dai da ikon Allah za mu tsirar da shi."

Ta sunkuya ta ɗauki jaririn daga kan gado, ta wuce da shi ɗakinta.

Daga ranar aka raba musu abinci. Shi madarar shanu, wadda Fanta Bafillatana ke kawowa kullum da hantsi, a sirka da ruwan rijiya a ɗura masa. Ita kuma jiƙon saiwoyi mai ɗaci, wai ya wanke nonon. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, ko zani ya taɓa sai ta cije leɓe. Aka haƙa mata ɗan rami a bayan ɗaki, aka ce nan za ta riƙa tatsewa, ta rufe da ƙasa kada kaji su tsattsaga su mutu.

Ran kwana biyar zawo ya kama yaron. Ran kwana bakwai aka yanka rago, aka raɗa masa Muhammad Sani. Mata suka cika gida, kowace ta karɓe shi ta ce tubarkalla, ta miƙa wa ta kusa da sauri. Laraba ta samu ta riƙe shi na ɗan lokaci. Ya fi ranar da aka haife shi rashin nauyi. Maɗigarsa ta lotsa. Ta san wannan lotsawar, sau biyu ta taɓa ganinta.

Da la'asar, bayan mutane sun watse, ta sami mijinta Ɗanmalam a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Damina ta zauna, ana tsakiyar noman gero.

"Malam, yaron nan tafiya yake yi."

"Rai a hannun Allah yake."

"Nono kuma a ƙirjina yake, ina zubar da shi a rami. Ka ce wa Iya ta ba ni shi kwana biyu kawai. In abin ya ƙaru, na yarda."

Bai ɗago kai ba. "Ni ba na shiga maganar mata. Iya ta fi ki sanin yara, tara ta haifa."

"Ku nawa kuka tsaya?"

Sai a nan ya ɗago. "Uwata kike yi wa ƙidaya?"

"Tambaya na yi."

"Tashi ki ba ni wuri."

Washegari zafin ƙirji ya hana ta rufe ramin, ta tatse ta koma ɗaki. Da ta dawo da hantsi sai ta tarar tururuwa sun kewaye ramin. Sun jeru a baki suna sha, waɗansu na tafiya, waɗansu na zuwa. Ta tsuguna tana kallo har ƙafarta ta yi sanyi. Ta zaɓi guda ɗaya ta bi ta da ido, daga bakin ramin har gindin danga. Lafiya lau ta shige gidanta.

Tana nan ta ji sallamar Fanta. Ta tashi ta ɗauko ƙoƙon nan na gwaji.

"Fanta, ɗan zuba mini madara a nan."

Fanta ta zuba. Laraba ta ɗauko tururuwa a kan tsinke, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya.

"Iya! Fito ki gani."

Iya Kulu ta fito. Ramlatu, matar ƙanin Ɗanmalam, ta bar daka ta matso da ɗan cikinta na wata huɗu. Laraba ta jefa tururuwar. Ta yi ta fama da santsin ƙoƙo, can ta daina motsi.

"Ga abin da ake ɗura wa ɗana," in ji Laraba. "Shi ma dafi ne?"

"Wannan tururuwar da ma tsohuwa ce," in ji Iya Kulu.

Laraba ta kamo wata, ƙosasshiya. Ita ma ta mutu. Fanta ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Aradu, Inna, shanunmu lafiyarsu ƙalau," ta ce.

"Ke ba da ke ake ba! Wa ya taɓa gwada nonon saniya? Saniya tana da mugun jini ne?" Iya Kulu ta juyo kan Laraba. "Wato ba nono kike gwadawa ba, ni kike gwadawa. Tun kakata ake yin wannan a gidanmu, sai ke 'yar Zurgu za ki zo ki koya mini? Daga yau kada ƙafarki ta sake taka ɗakina."

Ta shige ta saki asabari. Daga ciki kukan yaron ya taso, siriri, ba ƙarfi.

Fanta ta ɗauki ƙwaryarta, amma ba ta fita ta zaure ba. Ta zaga bayan ɗaki inda Laraba ta koma ta tsuguna.

"Kin san Gidan Yara?" ta tambaya a hankali. "Na 'yan mishan, a unguwar Maguzawa, bayan duwatsu in ka nufi Rano. Nan nake fara kai madara kullum kafin in zo nan. Jariran da uwayensu suka mutu ake kai musu. Na ga an kai wanda ya fi naki lalacewa, yanzu yana bin awaki da gudu."

"Kirista ne fa."

"Kirista ne. Ni dai shekara huɗu ina kai musu madara, ban ga sun cinye ɗan kowa ba."

Kwana biyu bayan haka kasuwar Kibiya ta ci. Maza na gona. Iya Kulu ta ɗauki daddawarta ta tafi, ta bar jaririn a hannun Ramlatu da gargaɗi. Laraba ta jira har ta daina jin muryarta a hanya, sannan ta ɗaga asabarin.

"Yaya Laraba, don Allah," in ji Ramlatu. "Kashe ni za ta yi."

"Ki ce kin zaga bayi." Ta dubi cikin Ramlatu. "Naki ma yana tafe. Ki riƙa tunawa."

Ramlatu ta sassauta hannu.

Mai jegon da ba ta yi arba'in ba ko zaure ba ta leƙawa. Laraba ta fita ran kwana goma, ta ƙofar baya, ta bi burtalin shanu inda Fanta ke jiranta. A gindin wata ɗorawa ta zauna, ta kwance goyon, ta sa masa nono a baki. Har yanzu wani ɓangare na zuciyarta na cewa, in fa Iya ce ke da gaskiya? Yaron bai kama ba. Ba shi da ƙarfin tsotsa. Ta mayar da shi baya, ta ce wa Fanta su ƙara sauri.

Gidan Yara ba wani babban wuri ba ne. Ɗakunan ciyawa uku, dogon ɗaki ɗaya mai rufin kwano, garken awaki, da tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a jikin tsamiya ana buga shi a maimakon ƙararrawa. Yara kamar goma na zaune a inuwa suna bin wata budurwa waƙar addininsu. Wata gajeriyar mace mai furfura ta fito tana goge hannu. Ita ce Malama Jummai, mai riƙe da gidan.

Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta taɓa maɗigar yaron, ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare.

"Uwarsa ta rasu?"

"Ni ce uwarsa."

Malama Jummai ta dubi gaban zaninta da ya jiƙe sharkaf. "Tururuwa?"

Laraba ta gyaɗa kai.

"Tatso mini a nan." Ta miƙa mata kofin tangaran. Da ya kai rabi ta karɓa, ta kurɓa, ta haɗiye a gabanta. "In na faɗi kafin la'asar, ki koma ki ba uwar mijinki haƙuri. Kawo shi."

Da ƙaramin cokali ta riƙa ɗiga masa sauran, ɗigo-ɗigo, tana shafa maƙogwaronsa. Tana yi tana magana.

"Shekara takwas ke nan. Wata Baturiya mai ba da magani ce ta fara, ni ina mata wanke-wanke, mijina ya mutu ba ni da kowa. Wani mutum ya kawo jaririya a cikin kwando, uwar ta rasu wurin haihuwa, ya ajiye ya tafi. Ga ta can, ita ce mai jan kunnen na kusa da ita. Daga ɗaya muka koma uku, yau muna da goma sha huɗu. Bara Baturiyar ta koma ƙasarsu, madarar gwangwani ta bi ta. Mu Almasihu muke bi, saboda shi muke wannan aiki, ba zan ɓoye miki ba. Safe da yamma muna addu'a." Ta ɗiga wani ɗigon. "Amma ɗanki ba zan iya karɓarsa ba."

Laraba ta miƙe tsaye.

"Zauna, ban gama ba. Sharaɗin da hukuma ta sa mana ke nan, ba ma karɓar ɗan Musulmi sai ubansa ya zo da kansa ya yarda. In na karya, a rufe gidan, sha huɗun nan su watse. Amma ba wanda ya hana ni ɗaukar mai shayarwa. Mai shayarwa kuwa da goyonta take zuwa, goyon nata ne, ba nawa ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata jaririya a tsumma. "Tani ke nan. Watanta ɗaya, uwarta ta rasu. Madarar akuya ba ta zama a cikinta. Ina neman mai nono tun sati biyu."

"An ce nawa dafi ne. Za ki ba ni 'yar mutane?"

"Ni ban faɗi ba tukuna."

"Sallata fa?"

"Ga buta, ga gabas can wajen tsamiya."

Tani ta kama nonon kamar da ma jira take. Laraba ta ji zafin ƙirjinta na sauka. Kwana biyu ana bin Sani da cokali. Ran na uku da safe ya buɗe baki ya kama da kansa. Laraba ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Ta dai ƙi motsawa har ya saki don kansa.

Ran kwana shida da zuwanta Ɗanmalam ya zo a kan keken aro. Ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin darni. Laraba ta fito da yaran biyu, ta zauna a kan turmi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna sha.

"Kin tona mana asiri a gari," ya ce. "Mai jego a hanya! Iya ko abinci ba ta iya ci. Wannan kuma 'yar waye?"

"Sunanta Tani. Ubanta Bamaguje ne, manomi kamarka."

"Kin haɗa ɗana nono da 'yar Maguzawa?"

"Na haɗa. Yayarsa ce yanzu, ka tambayi liman in ba haka ba ne."

"Ki ɗauko shi mu tafi, ko in kai ƙara wurin dagaci."

"Kai ƙarar. In an kira ni zan zo da ƙoƙo biyu, ɗaya nonona, ɗaya madarar da kuka ɗura masa, a kamo tururuwa a gaban jama'a. In an gama sai in nuna musu bayan gidanku. Biyu na ba ku, Malam, kun binne. Wannan ba zan bayar ba."

Malama Jummai na tsaye nesa kaɗan tana tankaɗe. Laraba ta cire Sani daga nono ta miƙa wa uban ta saman darni. Yaron ya tsala ihu, ihu na gaske, har awaki suka ɗago kai. Ɗanmalam ya riƙe shi a karkace. Ya sa babban yatsa a kan maɗigar, ta ciko. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo shi.

"To me zan ce wa Iya?"

"Abin da ka saba faɗa. Ba ka shiga maganar mata."

Ya juya keken ya tafi. Bai kai ƙara ba, bai kuma aiko da takardar saki ba. Bayan sati biyu Fanta ta zo da ƙullin gero, ta ce wani ya ba ta a hanya, ya ce kada ta faɗi sunansa.

Labari ya bi ƙwaryar Fanta gida-gida. Kafin a yanke gero wata mata ta zo daga wajen Zurgu da irin wannan jiƙaƙƙen zani, sai wata daga bayan Kibiya. Kowace Malama Jummai ta kurɓi nononta, ta ba ta maraya ɗaya ta haɗa da nata. A watan da aka yi bikin samun mulkin kai, aka raba wa 'yan makaranta tutoci a Rano, yaran gidan sun kai ashirin da uku, masu shayarwa huɗu, ana ginin ɗaki na biyar. Uku daga cikin matan nan tururuwa ce ta koro su. Malama Jummai kan ce a addu'ar safe Ubangiji ne ya aiko su. Laraba, daga inda take shimfiɗa ɗankwalinta ta yi salla, ba ta taɓa musa mata ba.

Barira kwana goma sha tara ta yi a duniya, Habu ashirin da shida. Ba wanda ya doke su, ba wanda ya ƙi su. An yanka musu rago, an yi musu addu'a, an hana su abincinsu, da yunwa da zawo suka tafi, uwarsu na zubar da nono a rami taku goma daga inda suke kwance. Da suka mutu aka ce kwana ne ya ƙare. Ba a tambayi kowa komai ba, don duk gidan da kyakkyawar niyya suka yi.

Bayan an gama girbi Fanta ta kawo saƙo. Ramlatu ta sauka, mace, yau kwana biyu. Ta ce a faɗa wa Yaya Laraba tana tunawa.

Washegari da sassafe Laraba ta bar Tani a hannun ɗaya daga cikin masu shayarwa, ta ce za ta dawo kafin magariba. Ta goya Sani ta kama burtali. Wannan karon ta zaure ta shiga. Ɗanmalam da ƙaninsa Isiyaku na zaune suna gyaran buhunan gyaɗa. Ta gaishe su ta wuce.

Ta tarar an riga an fara. Ramlatu na zaune a bakin gado, fuska duk hawaye. Iya Kulu na tsugune da ƙoƙon, tururuwa na fama a ciki. Da ta ga Laraba ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya sauka kan yaron da ke leƙowa ta kafaɗa, kumatu cike, yana cin hannunsa.

"Ikon Allah," ta ce. "Kin gani ko? Jiƙon nan da na ba ki ne ya wanke nonon. Da kin yi haƙuri ai da a gida za a yi komai."

"Ina kwana, Iya," in ji Laraba.

Ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta sa tsinke a ƙoƙon ta tsamo tururuwar, ta ajiye ta a ƙasa. Ta kife ƙoƙon. Ta ɗauki jaririyar daga kan tabarma ta ɗora a cinyar Ramlatu.

"Ba ta."

"Ke! A gidana?" Iya Kulu ta miƙe ta yi waje tana kira. "Ɗanmalam! Isiyaku! Ku zo ku ga abin da ake yi mini!"

Tana fita Laraba ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, ta juyo da Sani gaba ta sa masa nono. A bayanta ta ji jaririyar ta yi 'yar ƙara, sannan ta yi shiru, sai sautin haɗiya.

Iya Kulu ta dawo ta tsaya a kanta. "Matsa."

"Sai dai ki tsallake ni, Iya, ni da jikanki."

"Ɗanmalam! Ba ka ji ina kira ba?"

Can daga zaure muryar Ɗanmalam ta fito, ba da ƙarfi ba, amma duk gidan an ji.

"Iya, wannan maganar mata ce."